Marigayiya Ba Ta Sa Hannu

Jiya na haƙura da layin mai bayan awa huɗu, na turo babur ɗina har gida, sai na tarar da allo sabo fil a bangon maƙwabciyata: "Gidan Tarihin Marigayiya Uwar Marubuta." Na yi salati, na cire hula. Ina cikin share hawaye sai ga marigayiyar ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Goggo, ashe kin rasu?"

"Haka suka ce, ɗan nan. Ni ma ɗazu nake ji."

Ga wanda bai san ta ba, Goggo ce ta rubuta littafin nan da aka tilasta mana karantawa a makaranta, labarin wata mai buga tafireta da ta shekara goma sha ɗaya tana zaman benci a ofishin ruwa don a ja mata famfo. Goggo ba ta yi nisa wajen neman labari ba. Ita ma tafireta ta buga, benci ɗaya suka ɗumama, kuma "ki dawo gobe" da ke rufe kowane babi daga bakin akawu ta kwaso shi da zafinsa. Bambancinsu guda: tauraruwar littafin ta mutu a kan benci a shafin ƙarshe. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce tausayi ne ya kama ta, ta ga gara ɗayansu ta huta.

To, mai girma Shugaban Kwamitin Karrama Magabata, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya tara masana a otal kwana tara. Suka tabbatar da cewa tauraruwar littafin Goggo ce da kanta. Tunda kuwa tauraruwa ta mutu, sauran bincike ɓata lokaci ne. Aka zartar gidan ya koma wurin tarihi, duk wanda ke ciki ya kwashe komatsansa kafin Alhamis. Har famfo suka ja saboda baƙi. Abin da Goggo ta shekara arba'in tana nema ya iso cikin wuni ɗaya, kuma da ruwa a ciki.

Abin ya ƙona min rai, domin tsohuwar nan ba ta da inda za ta. Na raka ta ofishin kwamitin, wanda ke cikin ginin tsohon ofishin ruwa. A tsaye muka jira, an ɗauke bencin za a kai gidan tarihi.

Na ce wa sakatare, "Ranka ya daɗe, ga marigayiyar, da ranta."

Gani ya kori ji, amma bai kori fayil ba. Ya dube ta, ya dubi fayil, ya ce, "Mama, ba ƙaryata ki nake ba, amma ni ma na karanta littafin. Har kuka na yi a wurin mutuwarki."

"Ɗana, ba ni ce na mutu ba. Wadda na ƙirƙira ce."

"Masana sun ce ke ce. Sai dai ki kawo takardar shaidar rai, mai sa hannu kuma ya yi tafiya. Ki dawo gobe."

Muna isowa gida Goggo ta shige ɗaki. Na ɗauka karaya ce.

Yau da safe sai ga masinjan kwamiti da takardar tashi. Ashe doka ta ce ba a fitar da kowa sai mai gida ya sa hannu. Ya same ta a gindin famfo tana wanke ƙafa, ba gaggawa.

Ta ce, "Sunan wa ke jikin takardar?"

"Na marigayiya."

"Ka taɓa ganin marigayiya ta sa hannu?"

Ya sosa ƙeya, ya juya takardar gaba da baya. "To Mama, yaya zan yi?"

Ta ƙara buɗe famfon, ta ce, "Ka dawo gobe."

Ni dai yanzu masani nake nema ya tabbatar na rasu, ko Allah ya sa a kawo min mai har gida.