Alwalar da Na Yi a Lambun Wardi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko ni na manta Yaya Alhaji ba zai bari ba, don har yau in aka haɗu wajen suna ko ɗaurin aure sai ya tono zancen. Ina nufin ranar da na miƙe a kan ciyawa a cikin lambun furanni a birnin Guangzhou na China, ina kalmar shahada, ina roƙon kada a bari a ƙona gawata.

Gara in fara da laifina. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin mutanenmu ba su yi yawa a China ba. Na taɓa zuwa sau ɗaya, na bi wani ubangidana na yi sati biyu ina riƙe masa jaka. Ina dawowa Kano na zama masanin China na unguwarmu. Abin da na iya a yarensu bai wuce kalma huɗu ba: ni hawo, wato sannu, she-she, na gode, lawban, maigida, sai meyo, wato babu. Amma in na zauna a majalisa sai in cakuɗa su da wani gunaguni ta hanci, jama'a suna ta gyaɗa kai. (A lokacin wa zai ƙaryata ni?)

Yaya Alhaji wan matata Hajara ne, takalma yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, mutum ne mai kwarjini da ba na iya haɗa ido da shi. Da ya tashi zuwa saro kaya da kansa sai ya ce ai ga tafinta a gida. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ce Allah Ya kai mu. A jirgi ma, don ya ƙara riƙe ni da kyau, na ba shi labarin da na tsinto a masauki wancan zuwan.

"Yaya, a can fa ba a binne mutum. In ka mutu ƙona ka ake yi, a zuba tokar a ɗan tulu a aika wa iyalinka."

Ya ce Allah Ya kiyaye. Ni kuwa na ji daɗi a raina, na tsorata babban mutum.

A kasuwar takalma ta Zhanxi Lu asirina bai tonu ba, don kalkuleta ce ke magana, ni nawa in yi ta cewa lawban ina murmushi. Da muka gama sayayya aka ce sai jibi za a ɗaure kaya. Mai masaukinmu a unguwar Sanyuanli ya nuna mana hoton wani lambu, ya yi mana nuni cewa furen wardi ya buɗe, lokacinsa ne, ya rubuta sunan wurin a takarda mu ba mai tasi. Yaya Alhaji ya ce mu je, yana so a ɗauke shi hoto ya kai wa matarsa Hajiya. Ni kuma sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya sa min mura mai ƙarfi, hancina ya toshe kamar an liƙe shi da ƙasa.

Wurin ya yi kyau, wannan kam ba ƙarya. Layi-layi ne na wardi har iyakar gani, ja da fari da rawaya, wasu jan nasu ya yi duhu har ya kusa baƙi, kowane fure ya kai dunƙulen hannu. Tsofaffi na zazzaune da tsuntsaye a keji, amare sanye da fararen riguna ana ɗaukar su hoto, rabin jama'a kuma sun bar kallon fure suna kallonmu. Yaya Alhaji ya tsaya ya lumshe ido ya ce, "Ka ji ƙamshi?" Na ce wallahi kuwa. Ko ɗigo ban ji ba.

Azahar ta yi. Shi yana da alwala tun daga masauki, ni ba ni da ita. Ban san inda banɗaki yake ba, kuma tafinta ba ya nuna bai iya tambaya ba. Muka zaga can ƙarshen lambu inda ba mutane, Yaya Alhaji ya zauna a benci yana cire takalmi. Can gefe, bayan wani shinge, na hango wata ƙatuwar randa da murfin katako da moɗa mai dogon hannu. An jingina mata allo da jan rubutu.

"Malam tafinta," in ji shi daga benci, "me suka rubuta a can?"

Na ƙanƙance ido, har da motsa leɓe. "Ruwan wanke hannu ne na baƙi, Yaya."

Na tsallake shinge na ɗaga murfi. Ruwan ya ɗan yi duhu, na ce ruwan sama ne ya kwana. Na tsuguna na yi bisimilla, na wanke hannu sau uku, na kurkure baki sau uku. Na ji ɗan tsami can nesa, amma mai mura ba ya rabe ɗanɗano, har na ƙara da kurɓi biyu na haɗiye saboda ƙishirwa. (Malaminmu na Islamiyya ya koya mana a duba launin ruwa da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa. Allah Ya jiƙansa, ya yi nasa.) Sannan na shaƙa ruwan da ƙarfi.

Nan take hancin da ya yi kwana uku a toshe ya buɗe. Abu na farko da na shinshina a lambun wardi shi ne wani wari da ban taɓa jin irinsa ba, kuma daga fuskata yake fitowa. Kafin in gama tari sai ga wata tsohuwa ta taho a guje tana ihu. Ta rufe baki da ƙyalle, hannunta da safar roba, a bayanta kuma ga injin feshi irin wanda manoma ke goyawa. Ta fizge moɗar, ta nuna bakina, ta nuna randa, ta nuna jan rubutun, ta dafe cikinta tana kaɗa kai.

Yaya Alhaji ya iso ba takalmi, ya toshe hanci. "Me take cewa?"

Ni injin feshin nan kawai nake kallo. Ina yaro akuyar maƙwabcinmu ta sha ruwan da aka wanke irinsa da shi, ba ta kai la'asar ba.

"Ta ce guba ce," na ce. "Maganin ƙwari ne."

Ina faɗa na yarda. Sai ga ni a ƙasa, na miƙe a kan ciyawa. Na ji tsoro, jama'a, tsoro na gaske, ba irin na majalisa ba. Kuma ba mutuwar ce ta fi tayar min da hankali ba, kowa zai mutu. Labarin da na ba Yaya Alhaji a jirgi ne ya dawo min ɗaya bayan ɗaya. Ba wanka, ba likkafani, ba wanda zai tsaya a sahu ya yi min salla. Na ga Hajara zaune a tsakar gida ana miƙa mata ɗan tulu, 'yarmu Ummi tana tambaya me ke ciki. Na ɗaga kai, can bayan katangar lambu ga wani dogon bututu yana fitar da hayaƙi, na ce shi ke nan, wurin ma ba nisa.

Jama'a suka taru, har da amarya ɗaya da mai hotonta. Wani mai gadi da hula da kaki ya ratso yana magana a cikin rediyon hannu. Na tabbata motar ɗaukar gawa yake kira. Na cafke ƙafar Yaya Alhaji da hannu biyu.

"Yaya, don girman Allah kada ka bari su ƙona ni. Ko a cikin kwantenar takalma ce ka sa ni ka kai ni gida. Ka ce wa Hajara ta yafe min."

Mutumin nan da ban taɓa ganin ya ruɗe ba sai ga shi yana kai da komo. Ya ce da a gida ne da manja za a ɗura min, amma ina manja a nan? Sai ya ce madara ma tana karya guba. Ya durƙuso daidai fuskata, duk da warin.

"Yi maza, yaya ake cewa madara da yarensu?"

Na kawar da fuska.

"Kai nake tambaya. Madara."

"Yaya, ban sani ba."

"Ka manta?"

"Ban taɓa sani ba. Ban iya yaren nan ba, Yaya, kalma huɗu na iya. Allon nan ma ban san me aka rubuta ba. Ka yafe min, ga ni zan tafi."

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya miƙe, babban Alhaji da hula zanna da agogon zinare, ya fuskanci taron nan ya shiga kwaikwayon tatsar saniya, yana nuna bakina. Wani tsoho ya tafa masa. Ni kuwa na juya kaina gabas, ko inda nake zaton gabas ne, na ci gaba da shahada.

Ban lura tsohuwar ta bar wurin ba sai da ta dawo. Ta sauke injin, ta cire ƙyallen baki, a hannunta ga wani faifan abu mai tauri, ruwan ƙasa. Ta ɓantari kaɗan ta jefa a baki ta tauna a gabanmu. Ta nuna sauran, ta nuna randa, ta nuna gindin furanni, ta yi alamar zuba ruwa. Sannan ta miƙa wa Yaya Alhaji. Ya juya shi, ya shinshina, ya murza da yatsa. Mahaifiyarsu, wato surukata, da man gyaɗa ta raine su, a gaban turmi ya tashi.

"Wannan ai tunkuza ce," ya ce a hankali.

Ashe ragowar gyaɗar da aka matse wa mai suke jiƙawa a randa, ta yi watanni tana ruɓewa, su riƙa ba wardi a matsayin taki. Injin feshi aikinsa daban, ba abin da ya haɗa shi da randa. Cikin da ta dafe kuwa gargaɗi take min cewa zan sha zirga-zirgar banɗaki, kuma ta yi gaskiya. Mai gadi ya mayar da rediyonsa aljihu. Dariya ta fara daga bakin tsohuwar ta zagaye taron, har amarya tana riƙe ciki. Ina kwance da hawaye a fuska da ruɓaɓɓen ƙuli-ƙuli a gemu, ina jin mai hoto yana ta ƙyasta kyamara. Wallahi a lokacin da an kawo motar da na shiga da ƙafata.

"Tashi," in ji Yaya Alhaji. "Ba ka mutu ba, kuma ba ka da alwala."

Tsohuwar ta ja ni wajen famfo, ta riƙe min tiyo na wanke kai da riga, ta zuba min shayi a murfin filas ɗinta. Na ce she-she. Yaya Alhaji ya ce, "Saura uku." Mai tasi na farko ya buɗe mana ƙofa, ya shaƙi iska, ya ce meyo ya ja motarsa. Wannan kam ba a nemi in fassara ba.

Ranar Juma'a muka bi wasu 'yan Nijar zuwa wani tsohon masallaci. Ga Musulmin China da fararen huluna cike da sahu, a gefe kuma ga maƙabartarsu da kaburbura ƙarƙashin itatuwa, wasu sun tsufa har rubutun ya goge. Yaya Alhaji ya taɓa kafaɗata ya nuna min wani fili da ba kowa. Ya ce, "Ka ga da an samar maka nan, ga inuwa."

Labari ya riga ni isa Kano. Hajara ta tarbe ni da sabulu biyu, ta ce ta yafe.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in aka nuna min rubutun da ban iya ba, ko na likita ne, sai in ce ban sani ba, in tsaya a nan. Na yi wa mutane da yawa ƙarya don in burge su, duk sun tafi gidajensu lafiya lau. Ni kaɗai na kurkure baki da ita, har sau uku.