Shiƙa a Gaban Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da maigida ya kwashe mu, ni da mahaifiyarsa Hajiya, zuwa wani ƙauyen tarihi a hanyar Malumfashi. An kafa bukkoki da rumbuna, an ajiye mata suna nuna wa baƙi aikin mutanen da.

Ni haifaffiyar cikin Funtua ce, gero ma a buhu na san shi. Hajiya kuwa a Kafur ta tsufa da ƙwarya a hannu, kuma tun aurenmu take mini kallon wadda ba ta iya komai ba sai kunna gas. Abin yana ci mini rai. Shi ya sa na taɓa shara mata ƙarya cewa a hannun kakata na taso, babu aikin hatsin da ban iya ba (kakar tawa ɗinki take yi, Allah ya ji ƙanta).

Muka iso inda wata dattijuwa ke shiƙar gero, ta tambaya ko akwai mai gwadawa. Hajiya ta zauna a tabarma ta dube ni kawai. Na gyara mayafi na karɓi ƙwarya.

Ashe kafin a zuba, sai an saki ɗan ƙaiƙayi an ga inda iska ta nufa. Na ga dattijuwar ta yi haka, na ɗauka kaɗe hannu take. Ni dai na zagayo gaban Hajiya don ta gan ni da kyau, na ɗaga ƙwarya na tuttule kafin kowa ya buɗe baki. Tsabar ta sauka daidai, har na fara murmushi. Ƙaiƙayin kuwa kaf ya tafi kan Hajiya da sabon leshinta, ya shige wuya da hannun riga.

Ƙaiƙayin gero ba ya barin mutum ya zauna da mutunci. Har gida Hajiya na susa a bayan mota, maigida ya kafe titi da ido kafaɗarsa na rawa don danne dariya. Kunya kamar in nutse.

Da za ta sauka na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yafe mini, ƙarya na yi."

"Tun daga riƙon ƙwaryar na sani, 'yata. In an yanke gero ki zo Kafur."

Ranar ta fara kirana 'yata. Na je, na sha susa ta mako guda, na kuma iya. Yanzu ko magana zan yi a gaban surukai, sai na duba inda iska ta nufa.