Ranar da Akwatin Jego Ya Fashe a Gaban Surukina

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara shiga jirgin ƙasa a Ingila ba. Ni da na yi shekara da shekaru ina shugabar makarantar firamare a Kazaure, wadda in ta yi gyaran murya har malamai sai sun gyara tsayuwa, ranar nan akwati ya zubar mini da girma a gaban mutumin da na fi jin nauyinsa a duniya, wato mijin 'yata.

Ummi ce 'yar tawa, kuma ita ce ta fari (ba sunanta na yanka ba ke nan, kada ma ku zauna jiran in faɗa). Aure ya kai ta Ingila, mijinta likita ne a wani gari can arewacin ƙasar. Da ta haihu, haihuwar fari, da a nan take da gida za ta dawo wanka. Tunda babu hali, sai aka ce wankan ya bi ta can. Yayata Hajiya Asabe ta Kanya Babba aka so ta je, don ita ce gwanar jego a danginmu, amma aka hana ta biza aka ba ni. Haka na tashi da aikin da ba nawa ba.

Tsakanina da surukin nan kuwa, tun da aka ɗaura auren maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Ya durƙusa, in kau da kai in amsa. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba. Likita nake ce masa, shi ma sai a bayan idonsa. Ina alfahari da wannan, har nakan yi wa ƙawayena gori, masu zama suna kallon talabijin da surukansu suna ƙyaƙyata dariya.

Ana shirin tafiya Ummi ta kira ni a waya. Ta ce, "Mama, Likita ya ce don Allah ki zo da akwati biyu matsakaita. Daga filin jirgi sai kun hau jirgin ƙasa kafin ku iso nan, kuma wurin ajiye kayan ba shi da girma." Na ce, "To." Irin "to" ɗin da nake ce wa masu duba makarantu in sun zo da sabon tsari. A raina na ce yaran nan ni za su koya wa jirgin ƙasa? Ina budurwa na shiga jirgin ƙasa daga Kano, na zauna tsakanin buhun albasa da akuya, ban ga an mayar da kayan kowa ba.

Yaya Asabe ta zo ta tare a gidana don haɗa kaya, tana huce haushin bizarta a kaina. Garin gero na kunun kanwa daga Gwiwa aka kawo shi. Ga kanwar, ga yajin jego da ta daka da hannunta, ga daddawa, ga kuka, ga ƙuli-ƙuli da wata ƙanwar maigidana ta aiko daga Roni, ga busasshen ganyen darbejiya na wanka. Gaskiya duk wannan da zai shiga matsakaitan akwatunan da aka sayo. Abin da ya ɓata lissafi muciya ce. Muciyata ce tun ta aure, doguwa, ta yi santsi a hannu, kuma na riga na yanke wa kaina hukunci cewa tuwon mai jego ba zai tuƙu da cokalin Turawa ba. Muka kwantar da ita a miƙe, muka kwantar a karkace, ta ƙi shiga.

Yaya ta dubi akwatunan ta taɓe baki. Ta ce, "Dama ke, jegon jikar fari guda, za ki fita daga gidan nan da 'yan akwatunan nan kamar mai zuwa kwas? Matan unguwa fa za su zo sallama." Wannan maganar ce ta kashe ni. Washegari na shiga kasuwa na ce a nuna mini akwatin da ya fi kowanne girma. Da mai shagon ya jawo shi daga lungu yana kaɗe shi, sai ya ce, "Hajiya, ƙaura za a yi?" Na harare shi na biya.

Muciya ta shiga ta miƙe ƙafa. Saura robobin yaji da na daddawa. Yaya ta ce ma'aikatan jirgin sama jifa suke yi da kayan mutane, dole a naɗe kowace roba da abu mai laushi. Zannuwa sun riga sun tafi ƙasan akwati, abu mai laushi da ya rage a kan gado kayana ne na ciki. Haka muka bi robobin nan ɗaya bayan ɗaya, wannan a naɗe da buje, wancan da rigar mama, muka jera su a sama. Ita ma muciya Yaya ta ce kada kanta ya huda akwati, sai ta sa mata hula da wani kamfaina mai furanni (babba ne, ba zan ɓoye muku ba, a kasuwar Babura aka sayo shi, kuma robarsa ta daɗe da sallama). Sai da na hau akwatin na zauna, Yaya na jan zif tana salati, sannan ya rufu. Matan unguwa sun zo sallama, sun ga akwati, sun yaba. Na kwana da farin ciki.

A filin jirgin Kano aka ce ya yi nauyi, na biya na wuce ina ganin ai an gama wahala. Da muka sauka Ingila, ina turo akwatina sai ga Likita. Yaron kirki, a tsakiyar Turawan nan ya zube ƙasa ya gaishe ni, na kau da kai na amsa yadda aka saba. Da ya miƙe ya dubi akwatin, ya daɗe yana dubansa. Sannan cikin ladabi ya ce, "Hajiya, ko a sayi jaka biyu a nan a raba kayan? Zai fi mana sauƙi a jirgin ƙasa."

Shawara ce mai kyau, na sani. Amma raba kaya yana nufin a buɗe akwati, ni kuwa na san abin da ke kwance a sama yana jiran duk wanda ya ɗaga murfi. Na ce, "A'a, a bar shi haka." Ya ce, "To, Hajiya." Daga lokacin buri ɗaya ya rage mini a duniya, akwatin nan ya isa ɗakin Ummi a rufe.

Jirgin ƙasan nasu ba irin wanda na sani ba ne. Tsit yake kamar ɗakin jarrabawa, kowa ya sunkuyar da kai a kan littafi ko waya. Hanyar tsakiyar kujeru siririya, wurin kaya kuma wani ɗan kanta ne a bakin ƙofa, an jera ƙananan akwatuna a kai. Sai da wasu samari suka taya Likita kafin nawa ya hau jirgin ma. Ya ƙi bin hanya, ya ƙi shiga kanta. Likita ya zaunar da ni a kujerar farko, shi ya tsaya a bakin ƙofa yana gadinsa.

Mun fara tafiya ke nan sai ga ma'aikacin jirgi mai duba tikiti. Ni malama ce, ina jin Turanci, kuma ranar na yi da-na-sanin iya shi. Ya ce akwatin ya tare ƙofa, doka ba ta yarda ba, ko dai ya shiga kanta ko mu sauka da shi a tasha ta gaba. Likita ya ba shi haƙuri, suka sauke akwatunan mutane suka mayar sama, suka kama nawa. Likita ya sa kafaɗa, ma'aikacin ya sa gwiwa. Rabi ya shiga. Ina kallo ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Suka ja numfashi suka sake dannawa, daidai lokacin jirgin ya sha kwana, sai na ji zif ɗin nan ya tafi tun daga wannan kusurwa har waccan.

Robar yaji ce ta fara fitowa. Ta fice daga bujen da aka naɗe ta, ta daki ƙasa, murfi ya yi nasa wuri. Yajin Yaya Asabe kuwa ko a tsakar gida aka buɗe shi sai maƙwabta sun sani, balle a jirgin da tagoginsa ba sa buɗuwa. Atishawa ta fara daga kujerun gaba ta bi layi har baya. Turawan nan suna atishawa suna ba juna haƙuri, suna atishawa suna ba juna haƙuri. Daddawa ta biyo baya da nata bayanin. Ƙuli-ƙulin Roni ya gangara ƙarƙashin kujeru. A tsakiyar hanya kuma, a shimfiɗe ɗaya bayan ɗaya kamar an yi shanya, ga kayana na ciki.

Na ja mayafi na rufe rabin fuska ina fatan a ce mafarki nake a gadona na Kazaure. Likita ya tuɓe kwat ɗinsa ya shimfiɗa, ya ɗaga kai yana kallon rufin jirgi, yana laluben kaya da hannu yana turawa ciki. Har na fara cewa Allah ya rufa asiri, abin zai tsaya nan.

Sai ga wata tsohuwar Baturiya ta taso daga kujerarta, hawaye na zuba, tana riƙe da muciyata a tsaye, hular nan mai furanni na lilo a kanta. Ta miƙa wa Likita tana tambaya ko sandar dogarawar mamarsa ce. Ya sa hannu biyu ya karɓa ya yi godiya. Kwat ta riga ta cika, babu inda zai sa ta. Kuma ɗan da ya samu tarbiyya ba ya miƙa wa surukarsa abu a tsaye. Saboda haka a tsakiyar jirgin ƙasan Ingila, Likita ya zo gabana ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya miƙo mini muciya da kamfaina da hannu biyu.

Ya ce, "Hajiya, ga muciyarku."

Na karɓa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya yi albarka."

Bai tashi ba sai da ya ƙara da cewa, "Ku yi haƙuri, Hajiya, yajin nan ya rufe mini ido, wallahi da ƙyar nake gani." Idanunsa sun yi jajir, ƙila da gaskiyarsa. Amma na lura muciyar ba ta kuskure hannuna ba.

Ma'aikacin ya kawo manyan baƙaƙen ledoji na shara aka zuba sauran kaya. Rabon da na ƙi a yi a filin jirgi cikin mutunci, ga shi an yi shi a gaban jama'a. Haka kayan jegon jikata ta fari suka shiga gari, a ledar shara. Da muka isa gida Ummi ta ga idanunmu ta tambaya ko lafiya, Likita ya ce sanyi ne. Na shiga kicin in ajiye muciya, sai na tarar da wasu biyu a rataye. Ashe a ƙarshen layinsu akwai shagon da ke sayar da muciya, da gero, da kanwa, har da daddawa. Ummi ta ce, "Ai da kin tambaya, Mama."

Har na gama zamana Likita bai faɗa wa matarsa komai ba. Ni na ba ta labari da bakina bayan arba'in, ta yi dariya har jaririya ta farka. Ana gobe zan taho kuma na buɗe ƙofar ɗakina na tarar da akwati biyu matsakaita, sababbi, an jingine. Babu wanda ya ce shi ya ajiye, ni ma ban tambaya ba.

Yanzu duk wadda ta zo mini sallama za ta ƙasar waje, abu biyu nake gaya mata. Kada ki ɗauki akwatin da ba za ki iya ɗagawa da kanki ba, ko matan unguwa za su yi shekara suna zunɗenki. Kuma abin da za ki sa a sama, ki zaɓe shi kamar surukinki ne zai buɗe. Ni da Likita muna nan yadda muke, yana kira duk Juma'a ya gaishe ni, ina amsawa da girmana. Sai dai rannan muna cikin gaisawa mura ta sa shi atishawa, ban san lokacin da na kashe wayar ba.