Rasuwar Sarauniya, Manhajar da Abdul-Wadud Ya Bar Mana

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah, ni Faridatu Dramani ta unguwar Akwatialine, mai sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, kasuwar kanikawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar Sarauniya, manhajar shagonmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsakiyar karɓar odar birki.

Ƙanena Abdul-Wadud ne ya gina ta, a shafin wani kamfani na ƙasar waje. Tubala masu launi yake ja a fuskar kwamfuta, yana jona wannan da wancan: in kaya sun ragu ta sanar, in an yi oda ta kira ni. Na sha yi masa faɗa cewa wasan yara yake yi. Da ya gama, shi ya raɗa mata suna.

Marigayiya ba ta da mantuwa, ba ta da fushi. Fita, wato kanike, zai latsa waya yana kwance ƙarƙashin trotro, motar haya, a Sofoline, kafin ya wanke hannu kayansa sun kama hanya. Kuma da muryar Abdul-Wadud take magana, don shi ya ɗauki muryarsa ya saka mata. Duk odar da ta shigo sai a ji: "Yaya, ciniki ya zo! Bar hirar nan!"

Bara hatsarin mota ya ɗauke mana shi a hanyar Techiman. Ranar da na sake buɗe shago, ina zaune ban san ta inda zan fara ba, sai na ji ya tsawata mini daga kan tebur. Na yi kuka, na tashi na ɗauko kayan.

Ciwon ajalinta ya fara da nauyin jiki. Ta riƙa jinkirin buɗewa, daga baya fuskarta ta yi fari fat. Irfan mai gyaran waya ya duba ta, ya ce, "Hajiya, ba a wayarki take zaune ba. Kamfanin ya rufe. Sun aiko da gargaɗi, amma imel ɗin marigayi suka tura wa." Sunayen kaya za mu sake rubutawa. Muryar kuwa ba wanda ya yi tunanin adana ta.

Ta bar ni, ta bar firinta da tsohuwar kwamfuta, da fitoci masu yawa.

Za a goge hotonta daga waya ranar Juma'a bayan la'asar, a shago, sannan a yi wa Abdul-Wadud addu'a. Masu zuwa gaisuwa, don Allah kada ku biya ta gida. Mma, mahaifiyarmu, takan zo shago duk Asabar, ta zauna kusa da tebur tana jiran a yi oda. Ban faɗa mata ba tukuna.