Rasuwar Dikoda, Wadda Ta Tafi da Muryar Bakari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da na kasa ɓoyewa, ni Salahuddeen, mai tura waƙa a waya a bakin tashar Bolari, nake sanar da rasuwar Dikoda, manhajar buɗe sauti ta cikin kwamfutata. Ta cika ranar Laraba bayan la'asar, a gaban mahaifiyata.

Ba sayo marigayiyar na yi ba. Ɗanyen rubutunta na sauke a shagon intanet a Tudun Wada, na harhaɗa ta da hannuna a kwanakin dokar hana fita. Ta ƙi tashi sai da wani fayil, na nemo. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar haɗi, na sake daga farko.

Dominka na yi, Bakari, yayana. Ka tafi Biu da lodin masara, ba ka dawo ba. Wayarka aka tsinta a cikin mota, da sautin da ka ɗauka a katin ajiyarta, wanda duk manhajojina suka kasa buɗewa.

Zan yi mata shaidar gaskiya. Da na yi ta gwada ta a shago, don tsoron taɓa katin wayar, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ta buɗe wa direbobi wa'azi, ta buɗe wa Madam Hilda waƙoƙin coci. Kullum sai ta yi ɗan "ƙit" kafin ta fara, kamar mai sallama.

Sai na kai ta gidanmu a unguwar Shamaki, na sa mata katin Bakari. Dada, mahaifiyarmu, ta matso da tabarmarta kusa da lasifika. Muka ji gyaran muryarsa, muka ji "Dada, in kin ji wannan…" Daga nan sai "shiiiii". Allo ya daskare. Da na kashe na kunna, Dikoda ba ta tashi ba, katin kuma fayau. Dada ta tambaye ni ko ta ƙara jira.

Marigayiyar ta bar kwamfuta mai tsagaggen allo, da lasifika guda, da mutanen da suka yarda da ita.

Za a goge gawarta ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a shagona. Ba zaman makoki, kuma ban ce na yafe ba. Katin dai ba za a binne shi ba. Wanda ya san yadda ake farfaɗo da mataccen kati, don Allah ya biyo ta Bolari. Har yanzu Dada ba ta naɗe tabarmar ba.