Yadda Za Ki Kai Mijinki Gidan Cin Abinci Alhali 'Yarsa Ba Ta San Bakinsa Ba

Mun fita, 'yar uwa! Jiya da rana mun je mun dawo, har yanzu ban gama saukowa ba. Ajiye wankin nan ki saurare ni. In kika bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ki tabbaci ɗari bisa ɗari za ki shiga gidan cin abinci a cikin annobar nan ki fito da mutuncinki. Karatuna bai yi nisa ba, amma a wannan fannin babu wanda ya fi ni, don ni na gwada da kaina, sau ɗaya.

Ga wadda ba ta da labari: Baban Ɗigo direban motar asibiti ne. Ɗigo 'yarmu ce, an haife ta 'yar mitsitsiya a tsakiyar cutar nan, sunan ya bi ta. Saboda marasa lafiyar da yake ɗauka, tun haihuwarta a ɗakin waje yake kwana, sai dai ya zo bakin taga da takunkumin fuskarsa ya yi mata wasa. Yanzu ta fara rarrafe, shi kuma ya yi allurar rigakafinsa ya dawo cikin gida. In yana da takunkumi, ta miƙa hannu tana ɓangalar dariya. Ya cire, ta tsala ihu kamar ɓarawo ya shigo. Muka ce ko gashin bakin da ya tara ne, ya aske, ihun ya ƙaru. Mutum da gidansa, a bayan ƙofar kicin yake cin abinci a tsaye. Har na kama shi yana duba bakinsa a madubin mota.

Gwaggonsa da muke zaune tare ce ta kawo shawara: a kai yarinyar inda maza ke cin abinci, ta gani da idonta cewa kowane namiji yana da baki.

Mataki na ɗaya: Zaɓen takunkumi

Ki zaɓi wanda ya shiga da kayanki, cutar ma tana ganin girman mai tsari. Kada ki ɓata jan bakinki, takunkumin ne zai shanye, ki cire ki ga leɓenki a jikin ƙyalle. Duk kwalliyar ki mayar da ita ido. Kuma ya rufe hanci. Wadda ta bar hanci a waje daidai take da wadda ta kulle ƙofa ta bar taga a buɗe ta ce ta yi maganin sauro.

Jariri ba a sa masa. Shi kaɗai ne zai shiga da fuskarsa tsirara ba wanda zai ce uffan.

Mataki na biyu: Bakin ƙofa

Za ki tarar da mai gadi riƙe da farar bindigar auna zafi. Ki miƙa goshi, kada ki kauce, ba ta tashi. Zai matsa miki man wanke hannu, ki murza ki yi godiya ko da warinsa ya hau miki kai. Ki yi masa murmushi da ido. Da baki ma za ki iya, amma asara ce.

Mataki na uku: Uzurin rashin lafiya

Nan ki buɗe kunne. Akwai mutanen da da gaske ba sa iya numfashi da takunkumi, likita ya ɗauke musu. In kin ga irinsu ba kya kallonsu sau biyu, ba kya tambayarsu ciwonsu. Sannan akwai Gwaggo.

Gwaggo ta ce ita ba akuya ba ce da za a ɗaure mata baki. Mai gadi ya ce, “Mama, takunkumi fa?”

Ta dafe ƙirji. “Ɗan nan, likita ya hana ni. Asma.”

Ni dai tun da na zo gidan nan ban taɓa jin ta yi ko tari ba, daga ɗakinta take kiran mai ruwa yana ƙarshen layi ya ji. Baban Ɗigo ya ce a hankali, “Gwaggo, makon jiya a kanti kin ce hawan jini ne.”

“Ya sauka ya koma asma. Kai direba ne ko likita?”

Mai gadi bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ce, “Allah ya sawwaƙe, Mama. Masu uzuri mun ware musu tebur a baranda, inda iska take.” Ya nuna mata kujerar roba a waje, jikin gilashi, kusa da wani dattijo mai 'yar na'urar shaƙa a gaban farantinsa.

Ki koyi darasi: in za ki ari ciwo, ki ari wanda ba shi da mai shi a kusa. Gwaggo ta kalli sanyin na'urar sanyaya ɗaki da ke fitowa daga ciki, ta kalli rana, amma ba a san ta da janye magana ba. Ta zauna. Muna shiga na ji dattijon yana tambayarta cikin tausayi, “Hajiya, taki wace iri ce? Mai tashi da sanyi ko mai tashi da ƙura?” Ta ce, “Duka.”

Mataki na huɗu: Dokar sawa da cirewa

Kina tsaye, ki sa. Kin zauna abinci ya zo, ki cire. Kin tashi wanke hannu, ki mayar. A fahimtata cutar doguwa ce, ba ta iya sunkuyawa, amma ban tambayi kowa ba.

In mai kawo abinci ta zo kanki, ki ɗauko takunkumin ki rufe, ita ma 'yar wasu ce, tun safe take shaƙar numfashin jama'a. Kada ki ajiye shi kan tebur kusa da cokali. Kada ki saukar da shi haɓa kamar mai ciwon haƙori. Ninke shi ki sa a jaka.

Mataki na biyar: Gwajin

Ki zaunar da yarinya kan cinyar ubanta, fuskarta na kallon jama'a. Haka muka yi. Ga maza nan tebur-tebur, kowa da bakinsa a buɗe yana tauna, wani ma mai gemu har ƙirji. Ɗigo ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ko a jikinta. Har ta ɗaga wa mai gemun hannu.

Gwaggo ta ƙwanƙwasa gilashi daga waje tana nuni da hannu: cire, cire!

Aka kawo shinkafa da kaza da soyayyen dankali. Baban Ɗigo ya ce bismillah, ya zare igiya ɗaya daga kunne. Ɗigo ta waiwayo.

'Yar uwa, har mai dafa abinci sai da ya leƙo. Ta sandare, ta yi ja, tana ture ƙirjinsa tana neman inda babanta ya shiga. Ashe ba bakin maza take tsoro ba, ita dai nata uban ba shi da baki, kuma ba ta yarda a canza mata shi ba. Ya yi maza ya mayar. Ta yi shiru ɗif, ta kwantar da kai a ƙirjinsa tana ajiyar zuciya, tana harare-harare ko baƙon zai dawo.

Ya tura farantinsa gabana. “Ci kawai, Maman Ɗigo. Ba na jin yunwa.”

Tun safe bai karya ba.

Mataki na shida: Uzurin da ba a rubuta ba

Mai kawo abinci za ta zo ta ga faranti ba a taɓa ba. Tamu ta ce, “Yallaɓai, a zaune ai an yarda ka cire. Ko abincin ne bai yi ba?”

Nan za ki nuna ke matar gida ce. Na ce, “Yana da uzuri. An hana shi cirewa.”

“Ikon Allah. Ni waɗanda aka hana sawa na sani. Wane likita ne?”

Na nuna mata likitar, tana zaune tana tsotsar maɓallin rigarsa.

Mataki na bakwai: Ki bar kowa ya huta

Wannan ne mai wuya. Kada ki lallashi kowa. Kada ki kalli gilashi, Gwaggo tana can tana ba da umarni da hannu biyu, ta manta tana da asma. Ki ci kazarki. Ki miƙa wa yarinya sililin dankali ɗaya don ta bar maɓallin mutane.

Ɗigo ta tsotse shi ya yi laushi, ya jiƙe sharkaf da yawu. Sai ta ga ya kamata ta yi kyauta. Ta ɗaga ta dangwala wa babanta a takunkumi. Bai shiga ba. Ta sake dannawa, ya lanƙwashe. Ta tsaya tana kallon ƙyallen nan da fushi. Na ga hannun Baban Ɗigo ya taso zai taimaka, na taka masa ƙafa.

Ta sa 'yan yatsunta ta kama takunkumin ta sama, ta ja ƙasa da kanta. Hanci ya fito. Ta tsaya. Ta ƙara ja. Baki ya fito. Shi ko numfashi ba ya yi. Ta kalli ido, ta kalli baki, ta koma ta kalli ido. Leɓenta ya fara rawa, na ce shi ke nan. Sai ta ce, “Aa,” yadda nake ce mata in zan ba ta abinci.

Ya buɗe. Ta cusa masa dankalin har da rabin hannunta.

Ya tauna abin nan mai yawu kamar ba a taɓa dafa irinsa ba. Ta miƙo mini hannu in ƙaro. Haka ta ciyar da shi dankalin faranti guda, wani a baki, wani a hanci, takunkumi na rataye a haɓa, an karya dokar mataki na huɗu ba wanda ya yi magana. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce yaji ne. Dankalin ko gishiri bai ji ba.

Gargaɗi

Ni ba likita ba ce, ba kuma matar likita ba. In da gaske numfashinki na wahala, je asibiti a duba ki, kada ki ce ni na ce. Wadda ta ari ciwo aka zaunar da ita a rana, babu ruwana. Wadda ta bi matakan nan 'yarta ta ci gaba da ihu, yara ba iri ɗaya ba ne, kada a zo mini gida. Wadda kuma abin ya yi mata aiki, ta sani yau da safe sai da aka kira Baban Ɗigo daga wurin aiki ana cigiyarsa, yana zaune a tabarma ana ɗura masa burodi jiƙaƙƙe, ya ƙi tashi. In an rage masa matsayi ba ni ba ce.

Ki tura wa duk matar da mijinta ke cin abinci a bayan ƙofa.