Ranar da Maryamu Ta Ƙi Ɗaukar Ɗanta

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin da na fito a Maryamu ba. Shekarata goma sha ɗaya, muna zaune a Sabon Garin Wudil, lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa, kowa na sayen rediyo da babur, ana ta gini da siminti.

Malama Rahila, malamarmu ta makarantar Lahadi, ita ta shirya wasan haihuwar Yesu. Matar nan baiwa gare ta. Da takardar buhun siminti ta yanka wa mala'iku fukafukai, ta yi wa masana taurari rawani da tsofaffin zannuwa, ta aro tumaki biyu na gaske daga wani manomi a Utai. Ko tsawa ba ta yi, amma yara talatin sai su yi tsit in ta ɗaga yatsa. A shekarar kuma ta ce ba 'yar tsana za a kwantar a komin dabbobi ba, jariri za a sa, ɗan matar tela mai wata biyu. Da ƙyar uwar ta yarda, sai da Malama ta ce ta ɗauki alhakin komai.

Ni kuwa kaina ya kumbura. Na ƙudura sai na yi Maryamun da ba a taɓa gani ba. Na tuna abin da kakata take yawan faɗi, cewa mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. To Yesu ba ɗan fari ba ne? Na ce a raina Malama ce ta manta, ni zan gyara mata wasan. (Ban gaya wa kowa ba, don kada a sace mini basira.)

Bayan sujadar safe majami'a ta cika maƙil, har maƙwabtanmu Musulmi sun tsaya ta taga suna kallo. Komai ya tafi daidai, har makiyaya suka shigo da tumaki. Tunkiya ɗaya ta yi kuka, jariri ya firgita ya tsala ihu.

Aikina in ɗauke shi in ce, "Sunansa Yesu." Sai na ja mayafi na rufe fuska, na juya masa baya.

Iliya, wanda ya fito a Yusufu, ya raɗa mini, "Ke, ɗauke shi mana!"

Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Haba maigida, a gaban mutane? Ɗan fari ne fa!"

Majami'a ta kwashe da dariya, har da fasto. Jariri na ta ihu, uwarsa ta miƙe tsaye ranta a ɓace. A nan na gane na yi ɓarna. Na so ƙasa ta tsage in shige, hawaye suka cika mini ido.

Malama Rahila ta tako a hankali kamar dama da ita a wasan. Ta dafa kafaɗata, ta dubi jama'a ta ce, "Ku yi mata uzuri, 'yar gidan mutunci ce." Sannan ta ɗauko jaririn ta ɗora mini a hannu. "Amma 'yata, wannan ɗan ba a jin kunyarsa. Na kowa da kowa ne, rungume shi."

Na rungume shi, ya yi shiru. Uwarsa ta koma ta zauna. Dariya ta koma "Amin", wasu tsofaffi har da share ido. Mutane da yawa sun tafi gida suna yabon Malama da ta tsara wurin nan, ita kuma har ta rasu ba ta tona mini asiri ba.

Tun daga ranar na daina gyara wa magabata aiki a ɓoye. In kuwa jariri ya yi kuka kusa da ni, ɗauka nake tukuna, tarbiyya ta biyo baya.